Da Wa Inna Ta Dogara

Mutanen da wannan labari ya shafa su uku ne: Inna, tsohuwa mai keken ɗinki, da ɗanta direban motar asibiti, sai wata jami'a a ofishin haraji.

Direban ya ji a wurin aiki cewa wanda ke ɗauke da nauyin mahaifiyarsa ana yi masa rangwame a harajin da ake yanka daga albashinsa, muddin mahaifiyar ta je da kanta ta tabbatar. Bai bayyana wa Inna dalilin tafiyar ba. Ya ce hannu kawai za ta sa. Ta lulluɓe kekenta da zane, ta ɗauki sandarta, ta bi shi.

A ofishin haraji sun daɗe a kan benci, fanka tana ƙara a bisa kansu, kafin layi ya zo kansu.

Jami'ar ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Tambaya ɗaya ce. Kin tabbatar da wannan ɗan naki kika dogara?"

"Da wa?"

"Da shi."

Inna ta dube shi daga hula har takalmi. Ta ce, "'Yata, ni da Allah na dogara. In gwiwa ta matsa mini, in dogara da sandar nan. Wannan kuwa, in na jingina da shi, mu biyu za a kwasa a ƙasa."

Mutanen benci suka yi dariya. Direban ya sunkuyo ya ce a hankali, "Inna, kalmar ofis ce kawai. Ki ce e, mu tafi."

Jami'ar ta ce, "Ma'anarta ba ki da abin samu na kanki, shi ke ci da ke."

"Shi ke ci da ni? Tambaye shi wa ya juya wuyan rigar aikin da ke jikinsa. Ɗakin da yake kwana da iyalinsa, da ƙafar nan na taka keke na yi masa rufi."

"Haba Inna, ai ina kawo cefane."

"Kana kawowa, ban musa ba, Allah ya yi maka albarka. Amma ban zauna jiranka ba."

Jami'ar ta ajiye biro. "Inna, bari in faɗa miki gaskiya. In kina da sana'a, rangwamensa ya faɗi. Ke ma sai an yi miki rajista. In abin da kike samu ya kai a biya, ki biya, in kuma aka makara akwai kuɗin ruwa a kai."

Direban ya dafe kai. Inna ta gyara tsayuwa ta ce, "Ɗauki bironki. Rubuta: mai ɗinki."

Jami'ar ta rubuta. Sannan ta ce, "Tambayar da aka yi masa ke ma za a yi miki. Akwai wanda ya dogara da ke?"

Inna ta ɗaga sanda ta nuna ɗanta.

Jami'ar ta danne dariya. "Mai albashi ba ya shiga wannan gurbin."

"To, bar gurbin haka nan. Ai kin ji da kunnenki."

Suka kama hanyar gida, rangwamen ya riga ya kuɓuce wa direban. Da suka shiga, Inna ta yaye zanen keke, ta zauna, ta zura zare a allura ba tare da tabarau ba. Ta ce, "Da a gida ka ce mini albashi ya gaza, da na san abin yi. Amma kada ka sake kai ni gaban mutane in ce hannuna ya mutu."

Ya ce, "Na ji, Inna."

"Tuɓo rigar nan. Aljihun ya ɓarke, tun a ofis nake kallonsa."

Ya tuɓe ya miƙa mata.

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya fi ni sanin ƙa'idar haraji ko ta rubutu, in ya ga inda na karkace, ya miƙe shi.