Rabon Iska

Shekara biyu Malam Idris yana koya wa ɗalibansa badminton a Rawayya, a filin bayan azuzuwa, inda iska ke kaɗawa kullum da la'asar kamar an ɗauke ta aiki. Ƙwallon gashi kuwa ko tari ka yi kusa da ita sai ta kauce. Shi ya sa bakinsa ya saba da magana ɗaya: "Ku ba iska rabonta." Wato a bugo ƙwallo ta wuce layin dama da taki guda, iska ce za ta maido ta ciki.

Duk cikin yaran babu wadda ta haddace wannan kamar Zuwaira. Hannunta ya san rabon iska fiye da yadda ya san cin tuwo.

Ranar gasar 'yan ƙasa da shekara sha biyar suka zo Gusau. Yarinya ɗaya tak za a ɗauka ta wakilci jiha, kuma baɗi shekarun Zuwaira sun wuce. Suna shiga zauren gasar gaban Malam Idris ya faɗi. Tagogi a rufe, fanka a kashe, raga tsaye ƙyam ko motsi babu.

Wasannin farko ƙarfi ya fisshe ta. A na ƙarshe ta haɗu da Ikhlas, 'yar Tudun Wadar Gusau, wadda ta tashi a irin wannan zauren. Ita kam ba ta wahalar da kanta. Zuwaira na bugowa dama sai Ikhlas ta janye raket ɗin bugunta, ta bi ƙwallon da ido har ta faɗi waje.

Da aka ba su hutu Malam Idris ya matso, kunya ta ishe shi.

"Ɗiyata, manta da abin da na koya miki. Nan babu iska."

"To, Malam."

Ta ce to, amma ina. Abin da aka yi shekara biyu ana dasawa ba ya fita a minti ɗaya. Ta dage har ta kai maki sha tara, Ikhlas na da ashirin, saura ɗaya ta cinye. Sai ga ƙwallo ta taso mata sama, mai daɗin bugu. Malam Idris ya ga kafaɗarta ta karkata dama, ya runtse ido.

Taki guda a wajen layi.

A motar komawa Rawayya ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai da suka bar gari ta juyo.

"Malam, na ba ta rabonta fa. Ita ce ba ta zo ba."