Yatsu Huɗu a Kwarin Gadja

Shekara arba'in tsohuwa Gadja ta yi tana ɗana wa makwarwar ƙanƙara tarko a kwarin da ta gada wurin ubanta, har gwiwoyinta suka gaza. Mutum biyu ke son kwarin: Isko, ɗan ƙanenta, da Heika, mijin 'yarta Risten. Heika mutumin bakin teku ne, kifi ya sani. Yana da kirki, ban hana shi ba, amma yana da girman kai da yawa. Tambaya ce ba ya so.

Gadja ba ta ja zance ba. Ta ce masa, "Kwana bakwai na ba ka. Ka kawo tsuntsu goma, kwari naka ne. In ka kasa, Isko ya ɗauka."

Sau ɗaya ta bayyana masa aikin: a kafa ɗan shinge da rassa, a bar ƙofa a tsakiya, a rataya zargen waya a ƙofar, yatsu huɗu sama da ƙanƙara. Ta ce, "Ka gane?"

Ya ce, "Inna, wanda ya saƙa ragar kifi ai waya ba ta gagare shi ba."

Ya ɗana tarko arba'in, shinge tsaf, gwanin kyau. Washegari ya je dubawa, babu ko gashi. Sawun tsuntsayen ne kawai, sun shiga ƙofa sun fita ta ɗaya gefen. Haka rana ta biyu, haka ta uku. Ga wani namijin makwarwa kukansa kamar ƙyaƙyatar tsoho, yana fitowa daga cikin sarƙaƙiya duk inda Heika ya tsaya.

Isko ma bai bar shi ya huta ba. "Mutumin teku! Yau kifi nawa aka kamo a kan tudu?"

Risten ta ce, "Don Allah ka je ka tambayi Inna mana."

Ya ce, "Gobe za su shiga." Kwana biyar ya ɓatar a kan wannan goben, kuma ni ban ga abin tausayi a ciki ba.

A rana ta shida ya cire hula a bakin ƙofar Gadja. "Inna, na kasa. Ki zo ki duba mini."

Ya ja ta a keken ƙanƙara har tarkon farko. Ta dubi zargen, ta dube shi. "Auna in gani."

Ya durƙusa ya kafa hannu ƙarƙashin wayar, sanye da safar hannunsa ta fatar barewa, mai gashi, wadda Risten ta ɗinka masa ninki biyu don ba ya jure sanyi.

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, ina yatsun? Ni cinya nake gani! Ka gina musu ƙofar coci, suna wucewa ko sunkuyawa ba sa yi."

"Inna, sanyin ne..."

"Su ma a cikinsa suke kwana. Cire!"

Ya cire. Tarko arba'in ya bi da hannu tsirara, yana aunawa yana sauke zarge yana hura yatsu yana tsalle.

Washegari ya juye buhu a gabanta. Bakwai ne, farare fat.

Isko ya ce, "Gwaggo, goma fa kika ce."

Ta ce, "Na iya ƙirga. Ukun na yafe tun jiya da ya zo ya ce ya kasa. Kai shekara nawa kana kafa shinge a karkace, ka taɓa tambayata?"

Isko ya yi gaskiya, bakwai ba goma ba ne. Amma kwarin nata ne, kuma ta ba wanda za a iya koya wa aiki. Risten ta dafa biyar a ranar. Isko yana gunaguni ya cinye biyu, ya miƙa kwano a ƙara masa romo.