Hannun Gwaggo

Tun ranar da ɗan ƙanenta ya shigo da mutum shida da fitilu masu dogayen ƙafafu, hankalin Gwaggo bai kwanta ba. Shekara arba'in tana haɗa magani a wannan ɗaki, tsakanin kwalabe da saiwoyin da ke rataye a jikin ƙusa, ba ta taɓa ganin mai lafiya ya yi mata ladabi irin nasa na ranar ba.

"Ɗakin kawai za mu ara, Gwaggo," in ji shi. Darakta ake kiransa yanzu. "Fim ne a kan maganin gargajiya. Daraja za mu ƙara muku."

"Ita mai maganin cikin labarin, warkarwa take yi ko kashewa?"

Ya yi dariya, ya duba wayarsa. "Ai in na faɗa miki na ɓata miki kallon."

Sai ta sa ido. Garin maganin da ta gada wurin mahaifiyarta ta kulle shi a akwati, ta zauna a kan akwatin. Ko ruwan da suka miƙo mata ba ta sha ba. Duk ƙofar da ɓarawo zai bi ta toshe, halinta ne kawai ta manta da shi.

A rana ta uku aka ba jarumar fim ɗin turmi ta daka saiwa. Ta riƙe taɓarya kamar mai tsoron za ta cije ta, rabin saiwar na tsalle yana faɗuwa ƙasa. Gwaggo ta daure sau ɗaya, ta daure sau biyu.

"Tashi, 'yar nan. Haka ake daka a gidanku?"

Ta karɓa ta daka, ta tankaɗe, ta ɗebi garin da farcen ƙaramin yatsanta, farce uku, ta kaɗa a kofi yadda take yi wa kowa. Sai da ta ɗago ta ga mai kyamara durƙushe dab da hannunta.

"Ɗauka ka yi?"

"Gwaji ne kawai, Gwaggo," Darakta ya amsa tun mai kyamara bai buɗe baki ba.

Bayan wata biyar fim ya fito. Darakta ya aiko mota aka kai ta sinima, aka zaunar da ita a kujerar gaba. Mai maganin cikin labarin ashe marasa lafiyarta take aikawa lahira ɗaya bayan ɗaya. Fuskar ta jarumar ce. Amma da aka zo haɗa gubar, sai wani tsohon hannu mai jijiyoyi ya cika allon, ya ɗebi gari farce uku. Wata murya a bayanta ta ce a hankali, "Wallahi na san hannun nan." Gwaggo ta sunkuyar da kai, ba ta ga sauran fim ɗin ba.

"Kowa fa ya san wasa ne," Darakta ya ce mata a bakin ƙofa, yana miƙa wa masu taya shi murna hannu.

Cikin mako guda fim ya shiga wayar kowa. Bencin ƙofar ɗakinta ya koma wurin kwanan kyanwa. Ana gaishe ta, amma daga nesa.

A kwana na tara matar tela ta shigo tana dafe da ciki. Gwaggo ce ta yanke mata cibiya, ita kuma ta karɓi haihuwar 'ya'yanta biyu. Da murna ta haɗa mata maganin ta miƙa. Matar ta riƙe kofin tana kallon cikinsa.

"Gwaggo, ba wai wani abu ba. Maigidana ne ya ce wai ki ɗan kurɓa tukuna."

Gwaggo ta dube ta. Sannan ta karɓa, ta shanye rabi, ta goge baki da gefen mayafi, ta mayar mata.

Matar tela ta yi godiya. Ta ɗora kofin a gwiwa, ta shiga tambayar Gwaggo ya ciwon ƙafa, ya zafin kwanan nan, idonta a kan fuskar tsohuwar, tana jira.