Takaba a Ɗakin Kilima

Marigayi Surajo, mai kamiyon, wato babbar motar dakon albasa, na garin Buza, mutum ne da in ya ga abu a Yamai sai ya kawo shi gida, ko gidan bai tambaya ba. Shi ya rushe soron ƙasar da ya gada, ya ta da ɗakin siminti mai rufin kwano, bai bar masa taga ko ɗaya ba. Wai taga ɓarnar sanyi ce. Rami guda ya bari a bango, ya cusa na'urar sanyaya ɗaki da ake kira kilima, ya sayo injin wuta mai shan gazuwal, wato man dizal, ya yi masa 'yar bukka a bayan gida, don wayar lantarki ba ta iso unguwarsu ba.

A shekarun farko, sai bazara ta yi tsakiya ake ta da injin, tano guda na mai, wato duro ɗaya, ya kai su damina. Daga baya zafi ya koyi sammako. Tun sanyi bai gama sallama ba ake kunnawa, fari ya cinye itatuwan unguwa, dogon yaron tsakar gida ma ya bi su. Tano biyu ya daina isa. Surajo yakan ce ko rana ce ta sauko ƙasa, ya yi dariya, ya ƙaro mai.

Ya rasu a farkon bazarar da ta biyo babban fari na tamanin da huɗu, ya bar matarsa Zaliha da cikin fari wata shida. Takabarta sai ta haihu, rabon gado ma sai an ga abin da ta haifa. Kafin nan wan mijin, Malam Alƙasim, shi ne mai riƙon kaya. Ranar sadakar bakwai ya sa wa bukkar inji kwado.

Kada a ce mugu ne. Alƙasim ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. Abin da yake tsoro shi ne dukiyar maraya, wadda ya sani wuta ce a cikin mai cinta, kuma a wurinsa kowane ɗigon gazuwal na ɗan da ba a haifa ba ne.

Zaliha kuwa dahuwa take yi. Mai takaba ba ta barin gidan miji, gidan kuma ba inuwar kirki. Da hantsi kwano ya fara ƙara, kafin azahar ɗaki ya zama tanda. In ta fito rumfar zana, iska mai zafi ta mare ta. Goggonta Jaratu, da ta zo taya ta zama, tana jiƙa zane tana lulluɓa mata, kafin ta juya ya bushe. Ƙafafun Zaliha suka kumbura. Ran da ta yanke jiki ta faɗi a bakin randa, ungozomar asibiti ta duba ta, ta ce in aka ci gaba haka cikin ba zai kai ba. Tsoro ya kama Zaliha, irin wanda ko mutuwar Surajo ba ta sa mata ba.

Ta aika aka kira Alƙasim. Ya tsaya bakin ƙofa, ita tana ciki, Jaratu na yi mata fifita.

"Malam, ku buɗe muna injin ga," in ji Zaliha.

"Ki yi hanƙuri, Zaliha. Ba nau na ba, ba naki na ba. Na maraya na."

"To marayan, ina shike?"

Ta dafa cikinta, ta ci gaba.

"Ga shi nan cikina. Zahin da nika sha, da shi muka sha. Ku shigo ku tsaya, ku ji inda kunka aje shi."

Ya tuɓe takalmi ya shiga. Bai jima ba gumi ya manna masa riga a baya. Ya fito, ya nufi bukka, ya buɗe kwado. Ya zura kara cikin tano ya zaro. Man ko taƙi ɗaya bai kai ba, ba zai yi mako ba, ga damina da sauran nisa. Gazuwal kuwa a wannan shekara, da iyakar Najeriya a rufe, ko da kuɗinka sai ka san wani.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tafi gidansa ya dawo da diga. Ya sa matan suka koma rumfa, ya zare kilima daga bango, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Ramin ya zama taga. Ya zagaya ɗaya bangon ya ɗaga diga.

Jaratu ta riƙe baki. "Malam, gidan maraya za ka hwasawa?"

Har cikin ransa Alƙasim yana ganin alhaki yake ɗauka. Ya yi bisimilla ya sara. Siminti ya yi gardama, shi ma ya yi gardama, har tafinsa ya fashe. Kafin la'asar iska ta ratsa ɗakin daga wannan bango zuwa wancan. Ba sanyi ba ne, amma mutum na iya numfashi. Ya ce gobe zai kawo karan dawa a shimfiɗa bisa kwano.

Da zai tafi ya tsaya gefen rumfa, kansa a sunkuye, farar ƙura har gemu.

"Zaliha, in Allah ya sauke ki lahiya, yaron ga ya girma ya tambayi wa yaɓ ɓata mishi gida, ki ce Alƙasim na. Shi zo shi biɗi hakkinai gare ni. Ni dai shi zo."