Murfin da Aghali Ya Yi

Shekarar da maigidana ya sayi mota ita ce shekarar da aka ce ina da farar ƙafa. Wanda bai san maganar ba, ga ta: mace ce da ake cewa duk abin da ta taka sai ya lalace. In ta shiga gida dukiya ta fice, in ta ratsa garke dabbobi su soma faɗuwa. Ni Hawa, mai ƙuli da man gyaɗa a Belbeji, wadda ko tukunyar wani ban taɓa fasawa ba, ni aka liƙa wa wannan suna, a kan wata ƴar mota da ba ta fi akurki da komai ba.

Irin wadda ake kira Katirel ce, fara, ƴar ƙarama, ya saye ta hannun wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram a shekarar 1978. Maigidan nawa, wanda gari ke kira Manzo, fatu yake saye a ƙauyuka. Kullum motar tana kai shi tana dawo da shi, cike da fatu da ɗoyinsu, ko tari ba ta yi. Amma ranar da na fara shiga za mu Tanout gaida kawuna, mun ɗan yi nisa da gari, daidai wata aduwa mai reshe guda a karye, sai ta fara fizga, ta yi shiru, ta tsaya. Ya buɗe gaba ya goge buji, wato fulogi, ya hura nan ya ƙwanƙwasa can. Sai da muka gaji da zama ta tashi don kanta, ta yi ɗan gaba ta sake mutuwa. Haka muka isa Tanout da la'asar, kamar masu korar tsohuwar saniya.

Tafiya ta biyu haka, ta uku haka, kuma duk a gindin aduwar nan take farawa. Ya kai ta garaji a Damagaram, suka ce lafiyarta lau. Washegari ya fita neman fatu ya dawo yana yabonta.

Yayarsa Tata ita ce babba a gidansu tun rasuwar uwarsu, maganarta ce ake bi. Ba muguwa ba ce, sai dai kunnenta kamar rariyar da ba ta tace komai. Wata maƙwabciyarta Lantana ta kai mata lissafin: mota lafiya in Manzo shi kaɗai ne, mota ba lafiya in Hawa ta shiga. Kafin wata ya ƙare mata biyu sun daina sayen maina. Wata ta janye ɗan akuyarta daga hanyata a bakin rijiya, ina kallo. Sannan Yaya Tata ta zo gidana, ta zauna kan tabarmata, ta sha furata, ta ce wa ƙanenta a gabana:

"Manzo, kai ka san abin da ya fi maka. Yau mota ce. Gobe ban san mene ne ba."

Na dubi fuskarsa na ga ya soma tunani, wannan ya fi maganarta yi mini ciwo. Na san inda irin wannan tunani ke kai mace, gidan ubanta ne.

A tafiya ta gaba na ce sai na bi shi, ya yarda ba da son ransa ba. Motar ta mutu a inda ta saba. Wannan karon ban zauna a ciki ina salati ba, na fito na tsaya ina kallon hannunsa. Ya ce bari ya duba ko isansi ne ya ƙare, wato man motar. Ya je ya kama murfin tanki.

Murfin nan yana da labari. Na asalin ya ɓata tun kafin a sayi motar, tsumma ake cusawa. Sai amininsa Aghali, Buzu maƙeri, ya sassaƙa masa wani da ice, ya naɗe shi da jar fata, ya kafa masa farin ƙarfe da tuntaye masu lilo. Abin ya yi kyau har ya fi ƙarfin motar. Ya kuma zauna a bakin tankin daram, sai an sa hannu biyu ake cire shi.

Maigida ya ja da ƙarfi. Sai na ji wani fuuu, kamar mutum ya daɗe a cikin ruwa ya fito ya ja numfashi. Ya leƙa, mai na nan. Ya koma ya murɗa makulli, ta tashi nan take.

Ni kuwa na san wannan ƙara. Duk mai zuba mai daga gwangwani ta san ta. In ka huda gwangwani wuri ɗaya, man zai zubo kaɗan ya tsaya, sai ka huda ɗaya gefen iska ta shiga. Na tambaye shi:

"Malam, ranakun fatu ma da wannan murfin kake fita?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wannan? Cikin ɗoyi da ƙura? Tsumma nake sawa. Wannan sai ranar da zan ɗauke ki, don a san matar wani ce a ciki."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Ashe girmamawar da yake yi mini ce ta kusa kashe mini aure. Na faɗa masa abin da na gano. Ya ce in bar zancen, me ya haɗa mota da gwangwanin ƙuli, kuma Aghali bai taɓa yin aikin banza ba. Na bar zancen. Ko da ya yarda ma, ba shi kaɗai nake so ya gani ba.

Ba a daɗe ba ƴar Yaya Tata ta haihu a Tanout. Yaya ta aiko cewa Manzo zai kai ta suna, da ita da Lantana da wasu mata biyu, amma ban da Hawa, don tana so ta isa kafin a ci tuwo. Na ce to. Na ce wa maigida: "Yaya ce fa za ka ɗauka. Ai ba ka fita da ita da tsumma ba." Ya ce gaskiyata, har ya yaba hankalina. Ni na goge masa tuntayen da hannuna.

Ranar suna, ana idar da sallar asuba na ɗaura wa jakinmu akumari, na ɗauki tabarma da ƙwaryar fura, na kama hanya. Hantsi ya yi ina gindin aduwa. Na ɗaure jaki, na shimfiɗa tabarma, na miƙe ƙafafuna duka biyu inda kowa zai gan su. In motar nan ta wuce ni da gudu, na gama yawo a Belbeji.

Can na hango ta tana tahowa, tuntaye na lilo. Ta zo da ƙarfinta har na ce shi ke nan. Sai ta fizga. Ta sake fizga. Ta gangaro a hankali ta tsaya, kusa da ni har jakina ya ɗaga kai ya dube ta.

Yaya Tata ta fito cikin sabuwar lufaya, ta dube ni, ta dubi motar. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi gajiyar hanya.

Lantana ce ta fara samun baki. "Ai ga ta nan zaune. Shi ya sa."

Na ce: "To bari in taɓa ta da hannuna, mu ga ƙarshen lalacewa. Yaya, matso kusa ki kasa kunne."

Na kama murfin da hannu biyu na ja. Fuuu. Yaya ta ja da baya. Na tsinko tsinken ciyawa mai kauri, na jingina shi a bakin tankin, na mayar da murfin a kansa yadda iska za ta sami hanya. Na ce wa maigida ya tayar. Bai yi gardama ba, kansa a ƙasa. Murɗawa ɗaya ta kama, tana ruri kamar ba ita ba.

"Numfashi take so, Yaya," na ce. "An toshe mata hanci ne."

Yaya Tata ta dubi murfin, ta dubi ƙafafuna. Mace ce mai girman kai, na san abin da ke cin ta. Sannan ta juya.

"Lantana, ke kika fara kawo mini maganar nan, ko?"

"Ni dai abin da na gani..."

"Mota ta cika, ga jakin Hawa ba mai mayar da shi gida. Ki taimaka."

Ta buɗe ƙofar gaba, inda ita take zaune, ta riƙe mini. Na ce a'a Yaya, wurinki ne. Ta ce in shiga kafin ta sake shawara.

Daga aduwar nan har Tanout motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa hannuna, sai gaishe da makiyaya nake ta taga, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. Muka isa ana sauke tukwane. Gidan cike da matan Belbeji da suka riga mu zuwa a babbar mota, suka zuba ido da suka ga wadda ta fito daga gaba. Yaya Tata ba ta yi musu bayani ba. Ta wuce ɗakin mai jego, ta ɗauko jaririyar da ko ita ba ta riga ta gani da kyau ba, ta fito tsakar gida ta ɗora mini ita a hannu.