Allurar Narkar da Jini

Zalihatu na riƙe da ƙafafun ƙanenta Tukur aka shiga da shi asibiti a Dogon Dutsi, ta daman a kumbure kamar taɓarya. Bai daɗe da sauka daga Abijan ba, bayan kwana da kwanaki a dunƙule cikin mota. Yau da hantsi ya miƙe zai je gaida dangi, numfashi ya ƙi, ya zube.

Likita bai yi kewaye-kewaye ba. "Madam, dogon zama ne ya daskarar da jini a ƙafarsa. Gudan ya ɓalle, ya toshe hanyar huhu. A haka ba zai kai babban asibitin Yamai da rai ba."

"To a yi mishi magani mana, likita."

"Akwai allurar da ke narkar da gudan. Amma ba ta zaɓe, duk inda jini ya sami kafa sai ya zuba. Don haka ki faɗa mini gaskiya. Da ya faɗi, kansa ya bugu?"

Zalihatu ta tuna yadda ya faɗi. Ita kaɗai ce a tsakar gida lokacin, ita kaɗai ta ji ƙarar ƙeyarsa a gefen turmi, ƙum, har yanzu tana cikin kunnenta. Ba rauni, ba jini, gashi ya rufe wurin.

"In ya bugu fa?"

"Ba zan yi ba. Jini zai iya tsinke masa a ƙwaƙwalwa, can kuwa hannunmu ba ya kaiwa."

Ta dubi Tukur. Leɓɓansa sun yi toka-toka, yana fizgar iska da kyar. Ita ta goye shi, ita ta raine shi bayan rasuwar innarsu. Tsoro biyu suka kama ta, ta rasa wanne ya fi.

"A kan yashi ya faɗi," in ji ta. "Bai bugu ba."

Aka ɗaura masa ruwa da allurar a ciki. Ta zauna tana kallon ɗigon. Wajen la'asar, ikon Allah, ƙirjin ya lafa, leɓɓan suka dawo daidai. Likita ya leƙo, ya gyaɗa kai, ya wuce wani ɗaki. Dangi a waje sai hamdala.

Tukur ya buɗe ido, ya gane ta, har da ɗan murmushi. Ta sunkuya kusa da bakinsa.

"Yaya," ya ce a hankali, "numfashin ya dawo. Amma ki ɗan riƙe mini ƙeyata. Ji nake kamar za ta tsage."