Hoton da Ke Bangon Injiniya Bahram

Malam Uwaisu bai taɓa tambayar ko wane ne a hoton nan ba. Yo ina shi ina tambaya? Mutum ya rataye hoton dattijo cikin kayan soja, ƙirji fal da lambobin yabo, kullum safiya ya tsaya gabansa ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, ai ba sai an gaya maka ubansa ne ba. Kuma ba a titsiye babban mutum da zancen mahaifinsa.

Shekara huɗu ke nan Uwaisu yana masinja a ofishin Injiniya Bahram, Ba'iraniyen da ke kula da injinan wata masaƙar barguna a Challawa. Ya ji a rediyo an tumɓuke sarkin ƙasar su Injiniya, ya ji sarkin ya rasu a gudun hijira, sai dai rediyo ba ya nuna fuska. Abin da ya gani da idonsa shi ne ramar Injiniya. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Iraƙi, mutumin nan ya daina cin abincin kirki. Matarsa Shirin da 'yarsu suna Abadan, garin da ake yi wa ruwan bama-bamai, ga fasfonsa ya ƙare, kuma ba za a bar su su fito ba sai da takarda mai hatimi.

Ran Talata Injiniya ya kira shi, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Baba Uwaisu, gobe baƙo. Mutum na sabon gwamnati. Ya buga hatimi, iyali ya zo. Bai buga ba..."

"Zai buga, ranka ya daɗe, da yardar Allah. Ku bar mini ofis kawai."

Tun da sassafe Uwaisu ya taka kekensa daga Panshekara. Injiniya ya tafi filin jirgi tarbar baƙo, shi kuwa ya zage. Ya share, ya wanke kofunan shayi, ya shimfiɗa sabon bargo a kujera. Da ya ɗaga kai sai ya ga ƙusa tsirara a bango.

Ya duba ko'ina. Can bayan kabad ya sami hoton, a kife, an danne shi da tsofaffin jaridu.

"Innalillahi! Wane mara mutuncin ne ya yi wannan?" Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ɗora laifin a kan masu fentin da suka shigo jiya. Babban baƙo zai zo daga gida, ya tarar an kife uban mutum kamar kwanon da aka gama ci? Ya hura masa iska, ya goge gilashin da gefen rigarsa har ya yi ƙyalli, ya mayar da shi kan ƙusarsa. Har furen roba ya aro daga ofishin manaja ya ajiye a ƙarƙashinsa.

Wajen sha ɗaya suka iso. Baƙon saurayi ne mai gajeren gemu, ya ɓalle maɓallin rigarsa har wuya, yana rungume da jaka. Injiniya ya buɗe masa ƙofa yana murmushi, sai murmushin ya tsaya cak. Uwaisu, da ke riƙe da faranti, ya ga jini ya bar fuskar maigidansa.

Baƙon ya ƙura wa hoton ido. Bai zauna ba. Ya yi magana da harshensu, a hankali, ba tsawa, wallahi da tsawar ya yi da ta fi sauƙi. Injiniya ya amsa yana haɗa tafuka. Baƙon ya ciro fasfo da takarda da hatimi, ya jera su a tebur. Sannan ya nuna hoton, ya nuna ƙasa, ya nuna takalmin Injiniya.

Ba wanda ya motsa. Ƙugin injina kawai ake ji ta bango. Baƙon ya duba agogonsa, ya miƙa hannu zai mayar da hatimin jaka.

Injiniya ya sauke hoton. Ya ajiye shi a siminti, ya rufe ido, ya ɗaga ƙafa.

"A'a! Ranka ya daɗe, a'a!"

Faranti ya tarwatse. Uwaisu bai san lokacin da ya zube ƙasa ya ɗora hannunsa a kan gilashin ba. "Ku ji tsoron Allah! Ba a taka uba, ko me ya yi! Za ku lalace duniya da lahira!"

"Baba, cire hannu."

"Ba zan cire ba."

"Baba, don Allah." Injiniya ya dubi tebur, zip ɗin jakar ya fara tafiya.

Takalmin ya sauka. Uwaisu ya ji ƙarar gilashi kafin ya ji zafin. Jini ya bi tsakanin yatsunsa ya malale a kan lambobin yabon nan. Baƙon ya dubi dattijon da ke durƙushe, ya dubi Injiniya, ya daɗe yana kallo. Sai ya zaro hatimin, ya buga sau biyu, ƙwam, ƙwam, ya fita ko shayi bai nema ba.

Injiniya ya durƙusa, ya ciro hankicinsa yana ɗaure hannun, yana tsince gilashi da farce.

"An buga?" in ji Uwaisu.

"An buga."

"Alhamdu lillahi. Amma sai kun yi ta istigfari. Mahaifi ba abin wasa ba ne."

"Ba babana ba. Babana mai sayar da shinkafa. Wannan sarki. Sarkinmu da aka kora. Ni na ɓoye shi jiya."

Uwaisu ya buɗe baki. Kunya ta rufe shi, ya tuna furen roba, ya tuna yadda ya tsine wa masu fenti, ya tuna matar nan da 'yarta da ya kusa kashewa da gefen rigarsa. Can sai ya ja dogon numfashi, ya dubi hannunsa.

"Haba, ranka ya daɗe! Sarki ne kawai? Ai da kun faɗa, da ni na taka muku shi."

Injiniya bai yi dariya ba. Ya ɗauki hoton, yana goge jinin da sawun takalmin da hannun rigarsa, yana gogewa sawun ya ƙi fita, sai ya fashe da kuka.